Jar Mota Mai Kujera Biyu

Motar ja ce, irin jan cikin kankana, ba ta da rufi, kuma gajeriya ce har sai ka sunkuya kafin ka gaisa da mai ita. Kujerunta biyu rak. Na fara ganinta wata rana da hantsi a bakin Binuwai, na sauko da tulun man gyaɗa a ka zan kai wa mata masu suyar kifi. Tana tafe a kan gada, babu hargowa irin ta manyan motocin auduga, sai wani gurnani can ƙasa-ƙasa kamar kyanwar da ta ƙoshi. Ruwa ya ɗauki inuwarta, sai na ga ja biyu suna tafiya tare, ɗaya a sama, ɗaya a cikin kogi. Na tsaya da tuluna har ta ɓace bayan itatuwan dogon yaro, ni da ba na tsayawa kallon kowa.

Ta wani Nasara ce mai aiki a kamfanin auduga. Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garinmu, lokacin da Garwa take wayar gari kullum da sabon abu, yau kwalta, gobe fitilun titi, jibi a ce jirgin sama ya sauka. Yaran gari kaf sun san motar nan. Sun san ranar da take zuwa garaji, sun san inda take shan mai. Cikinsu har da ɗana na fari.

A nan sai na yi wa 'yan yanzu bayani, don ina ganin jikokina suna rungumar 'ya'yansu na fari a gaban surukai ko a jikinsu. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Wasu matan sukan sassauta in babu kowa. Ni ban taɓa ba. A Pumpumre muke zaune, gidan Hausawa ɗaya tilo a tsakiyar gidajen Fulani, kuma na sha jin matansu a bakin rijiya suna cewa Bahaushiya ba ta san kunya ba. Na ce to, za su gani. Ranar da aka yaye shi, Inna, mahaifiyata, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta a ɗaya gefen tsakar gida, kuma tun daga ranar hannuna bai sake taɓa nasa ba. Ya tashi yana ce mini Adda, kamar yayarsa. In ina da magana da shi sai in gaya wa Inna. In Inna ba ta nan, in gaya wa kaza.

"Ke kazar nan, masu yawon rana su sani tuwo yana sanyi."

Sai in ji motsinsa ya nufi akushi.

Abu ɗaya dai na yi masa. Sadakina karsana ce, ja mai farin goshi. Ranar sunansa ina ƙuryar ɗaki na juya wa taro baya kamar ba ni na haihu ba, na raɗa wa Inna cewa karsanar nan ta yaron ce. Da na gama wankan jego na murza igiyar rama da hannuna, na ja karsanar a ƙasa tun daga Garwa har bayan Pitowa, wurin wani Bafulatani abokin mahaifina da muke kira Baffa, na sa igiyar a hannunsa. Uban yaron fataucin goro yake yi, ya rasu a hanyar Ngaundere tun ba a yi wa yaron kaciya ba, bai bar mana komai ba sai gidan da muke ciki. Karsana kuwa ta yi ta haihuwa. Kowace kaka Baffa zai zo da man shanu a ƙwarya, ya zauna a zaure ya ce, "Bahaushiya, taki ta sake haihuwa, 'yarta ma ta haihu." In ya tafi sai in shiga ɗaki in kishingiɗa in rufe ido, in riƙa ganinsu jajaye suna sauka mashaya a jere. Da su zai yi aure, da su zai kafa gida, in shekara ta ɓaci su ne rumbunsa. Duk abin da bakina bai gaya wa yaron nan ba yana can bayan Pitowa yana cin ciyawa.

Mutane suna tambayar yadda yara ke samun irin motocin nan, kamar wani asiri ne. Ni mai talla ce, na shiga gidaje, na sani. Akwai ɗan alhajin da aka ba ubansa izinin shigo da shinkafa da gishiri da atamfa, uban ya saya masa don a san gidansu. Akwai wanda ubansa ke babban ofis a Yawunde, a aiko masa da mota, ya zo hutun makaranta yana zagaya gari da ita, yana firgita awakin mutane. Akwai masu bin hanyar daji su shiga Najeriya su dawo da kaya ba su gaisa da 'yan duwan masu karɓar harajin kaya a bakin iyaka ba. Akwai kuma wanda ya hau gadon ubansa tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Duk inda ka ga yaro marar gemu a cikin mota mai sheƙi, to akwai wani babba a bayanta, ko ya yi gumi, ko ya mutu, ko ya kau da kai. Ban taɓa zaton wata rana za a sa ni cikin manyan nan ba.

Nawa yaron ya bar lekol, makarantar boko, ya koma garaji. Gemu bai fito masa ba, sai ɗan gashin baki kamar ya sha kunu bai goge ba. Shi ke karɓar jar motar in Nasara ya kawo ta, shi ke mayar masa da ita gida, har ya zama Nasaran ba ya yarda wani ya taɓa ta. Ana nan sai aka ji Nasara zai koma ƙasarsu, kuma ba zai tafi da ita ba.

Wata la'asar ina tuyar ƙuli-ƙuli ya shigo ya zauna a ƙofar ɗakin Inna. Shi da Inna wasan jika da kaka suke yi, mijinta take ce masa. Ya ɗaga murya fiye da yadda kunnen Inna ke buƙata, na san da ni ake.

"Tsohuwa, shanun nan na wurin Baffa na wane ne?"

"Na mijina ne mana. Rowa ce ta hana shi yanka mini ko ɗan maraƙi."

"To, sayar da su zan yi."

"Duka? Makka za ka kai ni?"

"Mota zan saya. Jar nan."

Inna ta yi shewa har da tafi. "Wadda ba ta da hula? Kai, ka cika miji! To ina za ka sa buhun gero? Ina za ka sa ni da tabarmata da butata?"

"Ke a baya za a ɗaure ki, tare da taya."

Suna ta dariya, ni kuwa ƙuli yana ƙonewa a kasko ban sani ba. Na dubi bango na ce, "Bangon gidan nan ya ji. Ni dai tun da nake ban taɓa jin an tatsi mota ba."

Shi ma ya dubi bangon. "Bango ya gaya wa Adda, ai an ce nawa ne."

Gaskiya ya faɗa, ita ce ma ta yi mini ciwo. Abin da aka ba jariri ranar suna nasa ne, ko uban da ya haife shi ba ya karɓewa, balle ni da ko sunansa ba na faɗa.

Ya je wurin Baffa ya dawo fuska a murtuke. Na ji yana gaya wa Inna cewa tsohon ya ƙi. Wai hannun da ya ba shi igiya, shi zai mayar wa. Haka Baffa yake kiwonsa, amanar da mutum ya kawo da ƙafarsa ba ya sakin ta a kan saƙo, ko saƙon na mai dukiyar ne. Sai a kawo Adda.

Raina ya yi sanyi. Magana ta dawo hannuna ban buɗe baki ba. In na yi zamana a gida, Nasara ya tafi, wani ɗan alhaji ya saye motar, shi ke nan shanu sun tsira. Na kuwa yi zamana. Yaron bai roƙe ni ba, ta ina ma zai roƙe ni? Sai dai akushinsa ya riƙa dawowa da rabin tuwo, kuma na daina jin fiton da yake yi in yana wanke baƙin mai da kananzir a bakin rijiya. Gidan ya yi shiru irin wanda ba na so. A kwanakin nan mafarki ɗaya ya riƙa zuwa mini in na kishingiɗa bayan azahar. Jajayen shanu suna tafiya a kan ruwan Binuwai ba sa nutsewa, dorinai suna matsa musu hanya, can gaba akwai mai kora su ya ba ni baya, ni ina gaɓa ina so in kira shi, bakina ya ƙi buɗewa.

Daga ƙarshe na ce ni ba a san ni da ɓuya ba. In zan hana shi, in hana shi a fili. Zan je, Baffa ya sa mini igiya a hannu, in mayar masa da ita yaron yana kallo, magana ta ƙare ba tare da na yi ta ba. Na gaya wa Inna ranar Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, zan bi motar kasuwa.

Lahadi da safe na ci ado, zane da mayafi na saƙi da sabon kallabi, ina shirin fita tasha sai gurnanin nan ya cika lungunmu. Ashe Nasara ya ba shi aron ta ya je ya dawo, dillalin shanu kuma zai same mu a can. Yara suka yi mata zobe, matan maƙwabta suka leƙo ta saman zana. Na fito na ga kujeru biyu. Yana zaune a kan ɗaya. Ɗayar kuwa tana jikinta, kusa ƙwarai, kusan da ban taɓa yi da shi ba tun yana goye.

Na kau da kai zan wuce tasha. Sai Inna ta ɗaga murya daga zaure yadda duk lungu zai ji.

"Mijina, ƙyale ta ta bi motar kasuwa ita da awaki. Ba kunya ba ce, tsoro ne. Tun tana yarinya ko jaki ba ta iya hawa."

Wata maƙwabciya ta yi dariya a bayan zana.

Kunyar nan shekara da shekaru na yi ina gina ta, amma a ce mini matsoraciya a gaban matan Pumpumre, wannan ban shirya masa ba. Na ja mayafi na rufe gefen fuskata da ke wajensa. Ya miƙo hannu ya buɗe ƙofa ya janye da sauri. Na shiga. Zama ne irin na cikin kwale-kwale, ƙasa-ƙasa, ƙafafu a miƙe, kujerar fata mai ɗumi tana ƙanshin sabon takalmi.

Na ce, "Ke mota, ki tafi a hankali, uwar 'ya'ya kika ɗauko."

Ya ce, "Mota ta ji."

A cikin gari kam ta ji. Da muka bar gidajen ƙarshe kwalta ta miƙe, sai gurnanin nan ya tashi daga ƙarƙashina ya hau bayana, ya manna ni da kujera.

Na hau motar kasuwa, na hau kwale-kwale, daga baya ma na hau jirgin Makka, babu wanda ya yi kama da ita. A cikin waɗancan kai ake ɗauka a kai wani wuri. A cikin wannan kana zaune ne, duniya ce take tasowa ta zo ta wuce ta gefen kunnenka. Itatuwan giginya suka taho da gudu, su rusuna mana su koma baya. Lokacin cirar auduga ne, gonaki fari fat hagu da dama, an tara ta tsibi-tsibi a bakin hanya kamar gajimare ya gaji ya sauko hutawa. Dutsen Tingilin mai shimfiɗaɗɗen kai shi kaɗai ya ƙi gudu, yana tafe da mu a hankali kamar dattijo mai rakiya. Iska ta shiga hannun rigata ta cika shi, ta shiga bakina, na ji ɗanɗanon busasshiyar ciyawa da hayaƙin masu ƙona gona. Wata babbar mota ɗauke da siminti daga Figil ta taho gaba da gaba, kafin in gama bisimilla ta zama ƙwaro a bayanmu. Mayafin da na kare fuska da shi ya ƙi zama. In kama, ya fizge, in kama, ya fizge. Can sai kallabina ya tashi ɗungurungum. Na waiwaya na gan shi a sama yana juyi kamar shirwa.

Yaron ya fara taka birki. Na ce, "Mota, ki ƙyale shi, shi ma ya ga gari."

Na ji dariya a gefena. Sai da na saurara na gane biyu ce, ɗaya tawa.

Dole mayafi ya koma kaina, na ɗaure shi a haɓa, babu sauran abin kare fuska. A nan na gan shi ta wutsiyar ido. Kunnuwansa na ubansa ne sak. Akwai tabo a haɓarsa wanda ban san ranar da ya ji ciwon ba, ban san wanda ya wanke masa ba. Hannuwansa a kan sitiyari a natse suke kamar na masaƙi. A gida in na gifta kullum kansa a sunkuye yake, keyarsa kawai na sani. Ashe haka fuskarsa take in ta buɗe. Na yi ta satar kallo har rumfunan Pitowa suka bayyana, mutane suna darewa, matan ƙauyukan kan dutse da tukwane a ka suka tsaya baki buɗe suna kallon wata mata mai zanen saƙi a cikin motar Nasara. Na gyara zama, na ɗaga kai. In za su kalla, su kalla da kyau.

Bayan kasuwa muka saki kwalta muka bi burtali. Nan gimbiyar ta fara nuna halinta, cikinta yana gugar ƙasa, tana nishi a kowane rami. Da muka iso wani busasshen rafi mai yashi ta tsaya cak. Muka sauka. Ƙafarmu na taɓa ƙasa kunya ta dawo wurinta, ya yi gaba, na bi shi can nesa.

Mun tarar da dillali ya riga mu isa. Baffa ya fito da sandarsa a kafaɗa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Bahaushiya, yau kuma ba kallabi? Iska ce ta kawo ki?"

"Ita ce, Baffa."

Ya yi wani kira da harshensu, shanu suka taso daga inuwa. Uwarsu ta daɗe da mutuwa, amma ga farin goshinta nan a fuskoki da yawa suna kallona. Ya bi su yana dafa kowace, wannan 'yarta ce, wannan jikarta, wannan ita ce ta kusa tafiya shekarar ciwon huhu Allah ya tashe ta. Sa'an nan ya shiga bukka ya zaro wata tsohuwar igiyar rama daga jinka, ta yi baƙi da hayaƙi. Na gane murzar hannuna. Ya sa mini ita a tafin hannu.

"Ga amanarki. In kin mayar mini, su kwana a nan. In kin sa a hannunsa, su bi dillali. Ni dai na sauke."

Da niyyar mayar masa na baro gida, amma sai na ji hannuna ya yi nauyi. Na ce, "Baffa, tambayi mai shanun, ranar da motar ta mutu me zai kai gidan surukai?"

Baffa ya juya. "Ka ji."

"Baffa, ka gaya wa Adda ina da hannu, zan yi aiki."

"Ka gaya masa damina tana zuwa, lungunmu kogi yake zama. Wadda ta ji tsoron yashi me za ta yi da taɓo?"

"Ka gaya mata sai mu jira rani, ni da ita."

Baffa ya buga sanda a ƙasa. "Kai, ni tarho ne? Ga ku kusa da juna kuna tsufar da ni. Saura magana ɗaya, in koma wurin shanuna."

Yaron ya daɗe yana kallon ƙasa, yana tona yashi da babban yatsa.

"Baffa, ka gaya mata na san wadda ta jawo karsanar nan a ƙasa tun daga Garwa, Inna ta gaya mini. In ta ce a'a, a'a ne, ba zan sake tayar da maganar ba. Amma ka gaya mata tun da aka haife ni, yau ne na fara jin dariyarta a kusa."

Ɗan banza. Ya san inda zai taɓa, irin ubansa. Rabi wayo ne, rabi gaskiya, kuma duka biyun na gani. Na dubi shanun. Na turo maganata daji ta yi ƙiba ta hayayyafa a hannun wani, wanda aka yi ta dominsa kuwa sau nawa ma ya gan ta? Na san abin da hankali ya ce, ba yau na fara saye da sayarwa ba. Na san motar nan ba za ta tsufa da shi ba.

Na miƙa igiyar. Hannunsa ya taɓa nawa, mai kaushi, mai ɗumi, ya fi nawa girma nesa. Ya kama ƙarshen igiyar ɗaya, ban saki ɗayan ba. Na ɗaga kai na dube shi cikin ido na yi masa magana, shi, ba kaza ba, ba bango ba.

"Ka bar mini karsana ɗaya. Mai farin goshi."

"To, Adda."

Baffa ya ɗaga kai yana duban sama kamar mai neman hadari a tsakiyar kaka. Dillali kuwa tari ya kama shi. Allah ya jiƙansu, har suka bar duniya ba wanda ya kai labarin nan bakin rijiyar Pumpumre.

Na tsaya na ga an kora su, jajaye a jere suna ƙetare yashin rafi, mai kora su ya ba ni baya. Karsanar da aka bari ta yi ta kuka a turke. Dillali ya yi ƙunƙunin ragin da aka yi masa, amma Nasara hankalinsa ya riga ya tafi gida, abin da aka kai masa ya karɓa, ya miƙa makulli.

Rani biyu motar ta yi tana yawo. Ta ɗauki amare, ta kai Inna bakin kogi kallon dorina, Inna tana ihu wai mijinta zai kashe ta ya ci gadon butarta. Duk abin da ya samu a garaji cikinta yake tafiya, mai take sha kamar raƙumin da ya fito daga hamada. Da damina ta yi zamanta a gida kamar yadda na faɗa. Wata rana ya jefa ta rami a hanyar filin jirgi, ya shigo da hannu a ɗaure, ranar na yi wa kaza faɗan da sai da ta bar gidan ta kwana a maƙwabta. Daga baya wani ɗan ƙarfe ya karye a cikinta. Aka nema a Garwa babu, a Marwa babu, aka aika Duwala babu, wai sai daga Faransa. Aka ɗage zana aka turo ta tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro, a kan za ta jira ƙarfen. Bai zo ba.

Sa'o'insa suka yi aure ɗaya bayan ɗaya, shi yana kan hanyar Ngaundere da motar auduga yana tara abin da shanunsa za su ba shi a yini guda. Yarinyar da yake so ta gaji da jira ta auri wani. Na ga yadda ya rame a shekarar, ko kaza ban gaya wa ba. Sai da furfura ta fara leƙo masa a gefen kunne sa'an nan ya kawo amarya gidan. Karsanata tana can tana haihuwa wurin 'ya'yan Baffa, da aka haifa wa yaron 'yarsa ta fari na ba ta shanun ranar suna, da aka yaye ta kuma na ɗauke ta zuwa ɗakina. Ita ce take rubuta wannan, kuma ita ce ta tsaya yanzu da alƙalami tana tambayata, to ya dace a bar yaro ya mallaki irin motar nan? Bai dace ba. In yau wani marar gemu ya zo mini da maganar, a'a zan ce, da bakina, ba ta bango ba. Na ga abin da ta ci.

Sai dai motar tana nan ƙarƙashin dogon yaro shekaru masu yawa, tayoyinta suka nutse, janta ya koɗe ya koma kalar busasshen barkono. Bayan Inna ta rasu ba mu da mai kai mana saƙo. Sai na fara ɗaukar faifan gyaɗa in shiga cikin motar da la'asar in yi ɓara, na gaya wa maƙwabta inuwar wurin ta fi sanyi. A nawa gefen nake zama. In ya dawo daga tafiya sai ya fito da sifana, ya buɗe gaban motar ya ƙwanƙwasa wani abu, sa'an nan ya zagayo ya zauna a nasa gefen, wai yana gwada sitiyari. Yana riƙe da sitiyari, ina ɓarar gyaɗa, ganyen dogon yaro yana zubo mana. In iska ta taso daga wajen kogi sai in lumshe ido, giginyoyin nan su taho da gudu, auduga ta yi fari hagu da dama.

Can sai in ji ya ce, "Mota tana tambayar Adda ko a ƙara wuta."

In ce, "Ki ƙara."